Abin da Ya Sami Muzurun Gidanmu Cikin Azumi

Lahadi, 24 ga Maris, 2024 (14 ga Ramadan)

Muzurun gidanmu ya ciji auta yau da la'asar. Shekararsa shida, a bayan rumbun gidan nan aka haife shi, kuma ko yaƙushi bai taɓa yi wa kowa ba. Yarinyar nan tun tana koyon tafiya take jan wutsiyarsa, ita ta raɗa masa suna Ɗan Toka, har goya shi take yi da ɗankwalin uwarta. Yau ta same shi a kan tulin bulon da ke jikin katanga, ya ƙura wa waje ido, gashin bayansa a tsaye. Ta kai hannu za ta shafa shi kamar kullum, sai ya juyo ya kafa mata haƙora tsakanin babban yatsa da manuni.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta hana a shafa man zafi ko toka, ta sa aka tara hannun a bakin buta ana wankewa da sabulu, tana duba agogon wayarta har minti 15 suka cika. Kafin a gama, samarin gidan sun ɗauko sanduna. Nan ma ita ta tare su. Ta ce in an kashe shi an kashe shaida: kare ko kyanwa da ke ɗauke da cutar haukan kare a miyau lokacin da ta yi cizo ba ta wuce kwana 10 ba tare da ciwon ya bayyana a jikinta ba. A kulle shi, a ba shi ci da sha, a zuba ido. Da bargo aka rufe shi aka kai tsohon ɗakin girki.

Yau kasuwar Illela ke ci, kuma ita ce Lahadi ta farko tun da Nijar ta buɗe nata ɓangaren iyakar ranar Juma'a. Gari ya cika da tireloli da 'yan dako, gidanmu ma cike yake da baƙi. Da ƙyar muka sami wurin shimfiɗa tabarmar shan ruwa.

Litinin, 25 ga Maris

An yi wa auta allurar farko. Daga Sakkwato aka aiko da ita cikin kula da ƙanƙara, ta hannun wani direban da ke bin hanyar Gwadabawa. Jami'in lafiya ya ce ba a jiran kwana goman dabba su cika kafin a fara yi wa mutum, musamman da yake muzurun bai taɓa ganin rigakafi ba, cizon kuma a hannu yake. Saura ranar Alhamis, da Litinin mai zuwa, da Litinin ta sama. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa cutar nan na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Kyanwa ma na ɗauka, sai dai ba ita ce kan gaba ba. Da zarar alamu sun fito a jikin mutum, sai dai addu'a.

Da dare, bayan tarawi, magana ta fara fitowa gutsure-gutsure. Uwargida ta ce shekaranjiya ta tarar da fitsari a cikin daron wanke-wanke, ta ɗauka na yaran baƙi ne. Inna ta ce tun ranar Juma'a bai zo ya kwanta a gefen tabarmarta da sahur ba, abin da bai taɓa fashi ba. Ƙanena ya ce ya gan shi da rana tsaka a ƙarƙashin gadon ƙarfe, ya kira shi, ya yi masa huci. Kowa ya ga guntu, ba wanda ya haɗa. Ashe kafin cizon da kwana biyu dabbar nan ta riga ta sauya.

Talata, 26 ga Maris

Bai ci komai ba. Ya shige bayan tsohon murhu, idanu kawai ake gani. Na zuba masa yashi a fasasshen daro saboda bukatarsa.

Inna ba ta yarda da kullen ba. "Kai ɗan ga," ta ce, "ba ka ji abin da anka ce ma matar da tak kulle mussa ba?" Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwa take nufi. Na ce mata, Inna, waccan yunwa ta bar ta da ita har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba; mu ga ruwa ga abinci. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai a ganinta wani abu ya gani da dare, don mussa na ganin abin da mutum ba ya gani. "Ruwa ba su tsami banza." A kan wannan ƙarshen maganar ni da ita ba mu da saɓani. Saɓaninmu a kan abin da ya tsamar da ruwan ne.

Wata dattijuwa da ta shigo duba auta ta fi Inna nisa: ta ce a bincika ko muzurun ne da gaske, ko wani ne ya ari jikinsa. Haka kyanwa take a wurinmu. Malamai sun karantar da mu cewa ba najasa ba ce, sauran ruwanta ana alwala da shi, ga sahabi guda da aka yi wa laƙabi da ita. Amma ta yi kuka da dare a kan katanga, sai a hau neman tsari. Kuma a gari irin namu ma'aikaciya ce kafin komai, an ajiye ta ne don ɓera. Akuya ta ƙi kiwo, kafin azahar an kira mai allura, don akuya kuɗi ce. Kyanwa ta ƙi ci, sai a ce iskanci ne ko iska. Ba wanda ke fara tambaya ko wani wuri ke mata ciwo.

Laraba, 27 ga Maris

Kasuwar Ƙwanni ke ci, Kawu ya tsallaka iyaka tun da safe, gida ya ɗan yi sarari. Na zauna a shagon zaure, inda muzurun ke kwana tun yana ƙarami, ina lissafa abin da ya sauya a makon nan.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum aka rufe iyakar nan, shagon ya zama kango. Wata bakwai da ɗoriya ba mai shiga sai shi. Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa ranar 13 ga Maris, Nijar ta bi baya ranar 22. A wannan Juma'ar Kawu ya iso da kayan da suka daɗe suna jira a can: wake, dabino, da albasar Galmi. Kafin a sauke, an share shagon tas, an ƙone tsohon buhun algarara da muzurun ke kwanciya a kai, an yayyafa fiya-fiya a kowace kusurwa saboda ƙwari, yaran Kawu uku suka shimfiɗa katifa a ciki. A yini ɗaya ɗakinsa ya tashi daga nasa.

Mu da ido muke gane gida, kyanwa da hanci. Gogar kumatun nan da take yi a jikin ƙofa da ƙafar gado da ƙafar mutum, wani ƙamshi take shafawa daga fatar fuskarta, wanda mu ba ma ji. In ta dawo ta shaƙi abinta, hankalinta ya kwanta. An wanke wannan duka, an maye shi da warin albasa da maganin ƙwari da zufar baƙi. Shi kansa fiya-fiyan guba ne gare ta, don tana taka shi sannan ta lashe ƙafa.

Sai azumi. Da can yana samun ɗumame da safe, da rana a miƙa masa kan kifi ko ƙashi, da dare tuwo. Yanzu daga asuba har faɗuwar rana ba a ɗora tukunya, kuma ba wanda ya tuna cewa shi ba a wajabta masa ba. Dare kuma, lokacin da gida ke zama nasa, ya koma rana: daka, girki, rediyo na tafsiri, janareton maƙwabta. Tun daren goma ga wata yara 'yan tashe ke shigowa zaure da gwangwanaye da ganguna. Kunnen kyanwa na kama sautin da ya ninka iyakar namu sau uku wajen tsini, to ina ga gwangwani a zaure mai rufin kwano. Zafi kuma ya haura digiri 40, kaskon ruwan kaji da yake sha a ciki kafin azahar ya ƙafe.

Da magariba na ga saura. Wani jan muzuru mai yagaggen kunne, ƙato, ya biyo katanga ya tsaya daidai saman bulon nan, ya juya baya ya fesa fitsari. Ban san shi a unguwar ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Allura ta biyu, auta ta yi kuka kaɗan.

Yashin daron ne ya tayar mini da hankali. Maimakon jiƙa guda babba, ɗigo-ɗigo ne a wurare da yawa, wasu da ja-ja. Na leƙa ta taga: ya hau yashin ya tsuguna, ya yi yunƙuri, ya yi wani siririn kuka, ya sauka ya hau lasar gabansa, jim kaɗan ya sake hawa. Ɗaya daga yaran Kawu ya ce a narka masa rabin farasitamol a madara. Allah ya sa tambaya ya yi kafin ya aikata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani. Ƙwaya ɗaya na lalata mata jini, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, ta mutu.

Na kira wani ɗan ajinmu, likitan dabbobi da ke duba shanu da raƙuma a kara ranar kasuwa. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa: fitsarin na fita ko ba ya fita sam? Ya ce hanyar fitsarin namiji siririya ce ƙwarai, majina da tsakuwa ƙanana na iya toshe ta. In ta toshe, mafitsara ta cika ta yi tauri, ƙoda ta tsaya, guba ta taru a jini, cikin kwana biyu zuwa uku zuciya ta buga. In na ga yana tsuguno yashi a bushe, ko ya fara amai, kada in jira gari ya waye, in nemi mota zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na sauya yashi bayan isha'i. Da na tashi sahur na haska fitila, akwai jiƙa.

Juma'a, 29 ga Maris

Likita ya zo bayan an sauko daga masallaci, da safar hannu mai kauri har gwiwar hannu. Shi kaɗai ya taɓa shi, don kwanakin ba su cika ba. Ya naɗe shi da tawul, ya lalubi mara: mafitsarar ƙarama ce, da laushi, ba ta toshe ba. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya duba kunne, ya bi ƙafafu da baya yana matsawa ko akwai ƙurjin cizo, ya auna zafin jiki. Ya ce duk babbar kyanwar da ta sauya hali farat ɗaya, daga jiki ake fara nema: ruɓaɓɓen haƙori, ƙurji a ƙarƙashin gashi, ciwon gaɓoɓi ko ƙoda in ta tsufa, ko guba, musamman shinkafar ɓera da ake zubawa a shaguna. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, sai dai ka gani a halinta.

Ya ce shi mutumin shanu ne, don haka jiya ya kira abokin aikinsa a Sakkwato da ke ganin karnuka da kyanwoyi. Abin da suka fi zato shi ne kumburin mafitsara irin wanda firgici ke tayarwa. A kyanwar da ba ta tsufa ba, yawancin irin wannan ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, shi ya sa bai ba da kafso ba, duk da Kawu ya so a ba shi. Allurar rage zafi ya yi masa daidai nauyinsa. Fitsarin daron wanke-wanke ma ya fassara shi: dabbar da ke jin zafi in ta tsuguna a inda ta saba, sai ta ɗauka wurin ne ke cizonta, ta koma neman abu mai sanyi da santsi.

Ya ba ni labarin wani bincike da aka buga a 2011 daga Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka, na su Tony Buffington. Kyanwoyi 32 suka bi, 20 masu wannan ciwon mafitsara, 12 lafiyayyu. In aka bar su a tsarin da suka saba, har masu ciwon sai su warware. In aka sauya lokacin abinci ko mai kula da su, sai duka biyun, har lafiyayyun, su fara ƙin ci, da amai, da bahaya a inda bai dace ba. Na ce masa da sun zo Illela cikin azumi da ba su sha wahalar shirya gwajin ba.

Game da cizon, ya ce ga alama ba da auta yake ba. Ya hango abokin gaba ne, jikinsa ya ɗauki faɗa, ga ciwo a mara, sai hannu ya sauka a bayansa. Bai ga dalalar miyau ko shanyewar muƙamuƙi ko tangaɗi ba. Amma ya ce kada wannan ya sa a buɗe ƙofa ko a fasa allura.

Asabar, 30 ga Maris

Aikin yau ruwa ne. Kakannin kyanwa na daji ne, masu zama a busassun wurare, irinsu na nan har yau a dajin Sahel. Daga naman abin da suka kama suke samun yawancin ruwansu, don haka ƙishirwa ba ta cika tura su ga sha ba. Fitsari mai kauri kuwa ƙara ƙona mafitsara yake. Uwargida ta ɗebi romon kaza kafin ta sa gishiri da dunƙule da albasa, don likita ya ce albasa da tafarnuwa na fasa jinin kyanwa, ɗanye ko dafaffe. An sa masa sabon kasko da ruwan randa, nesa da yashin. Na kawo kwali na kifa a kusurwa, na yanke masa ƙofa, Inna ta ba da tsohon zanenta aka shimfiɗa a ciki. Da dare ya sha romon. Wannan ya fi komai faranta mini, don kyanwar da ta jera kwanaki ba ci hantarta ke lalacewa.

Lahadi, 31 ga Maris

Kasuwa. An kwashe albasa da rabin waken. Da 'yan dako suka ɗaga buhunan ƙasa, sai ga ɓarna: an huda uku, kwalin dabino ɗaya an cinye gefensa, kashin ɓera ko'ina. Kawu, wanda ranar cizon ya ce a jefa muzurun a buhu a kai shi bakin tafkin Kalmalo a yar, yau shi ke tambaya, "Wai yaushe za a sako shi?" Na ce sai Laraba, Kawu. Ya ce to a sayo shinkafar ɓera kafin nan. Na roƙe shi ya bari, don ɓeran da ya ci guba shi ne mafi sauƙin kamu, kuma cikin wanda ya kama shi gubar za ta ƙare. Mun daidaita a kan tarko.

Litinin, 1 ga Afrilu

Allura ta uku. Hannun ya warke, sai tabo biyu ƙanana.

Jan ya ɓace daga yashi, jiƙar ta fara girma. Ya fito daga kwali da na shiga, bai matso ba, bai kuma yi huci ba. Na lura gashin mararsa ya zube wuri guda saboda lasa. Na tsayar masa da lokaci: abinci bayan sallar asuba, da azahar, da bayan shan ruwa, kuma mutum ɗaya ke kai masa. Auta na zama a bakin taga tana ba shi labari, an hana ta sa hannu.

Talata, 2 ga Afrilu

An gano mai jan muzurun: ba shi da kowa. Mussar gidan bayanmu ce ke neman namiji, ita ta tara muzurai. Mun kwashe bulon daga jikin katanga, an wanke inda ya yi fesa da ruwan omo, an daina zubar da ƙashin kifi a bakin kwata. Ƙanena ya ɗauki aikin watsa wa jan muzurun ruwa duk lokacin da ya hau.

Laraba, 3 ga Afrilu

Kwana goma sun cika da la'asar. Yana ci, yana sha, yana tafiya daidai, idonsa garau. Na sanar da likita da jami'in lafiya. Jami'in ya ce a ƙa'ida ana iya tsayar da allurar tunda dabbar ta fita lafiya, amma ta ƙarshen tana nan an riga an saya, uwar yarinya kuma ta ce a ƙarasa. Ban ja ba.

Mun buɗe ƙofar muka bar ta, ba wanda ya kira shi. Sai da aka yi kiran magariba, kowa ya duƙufa kan kunu, sannan ya fito yana bin jikin bango, ciki a ƙasa. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya goga kumatu, dama da hagu, ya wuce turmi ya goga, ya wuce ƙafar gadon ƙarfe. A bakin shagon zaure ya tsaya ya shinshina, ya juya. Inna ta ce tofin da ta yi a ruwan kaskon ne. Na ce Allah ya karɓa, Inna, kuma har zuciyata na faɗa.

Juma'a, 5 ga Afrilu (26 ga Ramadan)

Bai koma yadda yake ba, kuma likita ya ce kada in ƙirga kwana. Ya dawo tabarmar Inna da sahur. Ya kama ɓera ɗaya jiya. Amma in baƙo ya yi sallama sai ya shige kwali, shagon kuma har yau bai shiga ba. Daren jiya da yaran Kawu suka dawo da kaya, da safe an sake samun fitsari a daron wanke-wanke, ba jini. Uwargida ta ɗaga tsintsiya, ta tuna, ta ajiye. Duka ba abin da yake koya wa kyanwa sai tsoron mai dukan, tsoron kuwa shi ya kawo mu nan.

Irin wannan ciwon kan lafa da kansa cikin mako guda, kuma yakan dawo in an sake birkita gida. Sallah na tafe, gidan zai cika fiye da na ranar buɗe iyaka. Mun yanke cewa tsohon ɗakin girki ya zama nasa, da kwalinsa da kaskonsa, ba a ajiye kaya ko baƙo a ciki, ƙofa a buɗe. Bayan Sallah likita zai zo da allurar rigakafin haukan kare ya yi masa, kuma za a riƙa sabuntawa. Ya kawo shawarar a fiɗiye shi don rage faɗa da yawon dare. Inna ta ce ba a gidanta ba, maganar na nan a rataye.

Ga masu kyanwa a garin nan da ƙauyukan kewaye: in ta ciji mutum, a wanke da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kulle ta kwana 10 da ci da sha, kada a kashe. In kuwa muzuru ne kuka ga yana tsuguno yana kuka fitsari ba ya fita, ku nemi likitan dabbobi a daren. Sakkwato ta haura kilomita 80 daga nan, shi kuma abin da ya rage masa bai fi kwana biyu ko uku ba.